Filin Tambayi Anti: 'Yata tana aji huɗu a makarantar Turanci da Sifaniyanci, amma ba wanda ya gaya min inda ta kai

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon wasiƙu uku na ware daga cikin waɗanda suka taru, duka daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka suke kuma duk magana ɗaya ce ta haɗa su, makarantun nan da ake koyar da yara da Turanci da Sifaniyanci a haɗe. Sunayen makarantu da na mutane na cire su kamar yadda muka saba a wannan fili.

TAMBAYA

Salam Anti, ya gida ya aiki. Ni 'yar Damagaram ce aure ya kawo ni Bronx a birnin New York, shekarata goma sha ɗaya kenan a nan. 'Yata ta fari tana aji huɗu a wata makarantar gwamnati mai harshe biyu, tun tana ƙarama muka sa ta saboda unguwarmu ko shago ka shiga Sifaniyanci ake yi, babanta yace zai mata amfani nan gaba. Toh matsalata ita ce jarabawar Turanci da lissafi ana turo mana sakamako da lambobi da komai har a nuna maka inda ɗanka ya tsaya a cikin yaran jiha, amma na Sifaniyanci sai dai malama ta rubuta tana ƙoƙari a katin sakamako shikenan. Rannan maƙwabciyata 'yar Dominika ta tare ta a matakala tana tambayarta me suka yi a makaranta, yarinyar nan tace mata sí, sí, ta kalle ni ta koma Turanci, wallahi Anti jikina yayi sanyi. Amma kuma da daddare sai ta ɗauko littafin Sifaniyanci ta karanta min shafi guda tiryan-tiryan ba gargada. Iyaye a guruf ɗinmu na WhatsApp sun rabu biyu, wasu na cewa a matsa sai an kawo jarabawa daga waje, wasu na cewa yaran sun gaji da jarabawa a ƙyale su. Shugabar makarantar sabuwa ce bara ta zo, mun tambaye ta a mitin tace za ta duba, har yau shiru. Dan Allah ya zan yi, in cire ta ne ko in bari?

Maman yara uku, Bronx

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana su ya yi musu albarka. Bari in fara da ƙarshen maganarki, kar ki cire ta. Zan faɗa miki dalili amma tukunna mu tsaya a kan abu biyun nan da kika gani da idonki, na matakala da na daddare, don su ne suka ruɗa ki kuma gaskiya dole su ruɗa mutum.

Sifaniyanci harshe ne da kusan yadda aka rubuta shi haka ake karanta shi, wasula biyar gare shi a, e, i, o, u kamar dai na Hausar boko, kuma ba sa rikiɗa yadda na Turanci ke yi, shi yasa yaro in ya riƙe baƙaƙen zai iya zuba miki shafi guda da murya mai daɗi alhali rabin abin da ya karanta bai san ma'anarsa ba. Mu ai mun san wannan tun makarantar allo, yaro ya biya miki izu guda ba kuskure amma ki ce ya fassara aya ɗaya sai ya yi tsit. Toh karatun da take miki da daddare ya nuna ta iya haɗa baƙi, wannan abin murna ne, sai dai bai gaya miki ko ta fahimta ba. Na matakalar shi ma bai kai hujja ba. Yarinya 'yar shekara tara babbar mace ta tare ta ba shiri a gaban uwarta, ga kunya, ga kuma mutanen Dominika maganarsu da sauri take suna haɗiye harafin s na ƙarshen kalma, yaron da ya saba da Sifaniyancin malama na cikin aji wanda ake jan shi a hankali sai ya ji kamar wani yare aka yi masa daban.

In kina so ki ɗan leƙa da kanki kafin komai, ki roƙi maƙwabciyar nan ta shigo ranar Asabar, ki dama musu kunu ki koma gefe kamar ba ki da su, ta sa yarinyar ta karanta ɗan gajeren labari ta rufe littafin sannan ta ba ta labarin da bakinta. Ko ba kya jin Sifaniyanci kunnenki zai gane, kalma ɗaiɗai take jefowa ne, ko jimla take yi ta tsaya, ko kuwa tana jan zance tana ƙulla wannan da wancan har ki ji tana cewa porque, wato saboda. Wannan bambancin shi ne ainihin abin da manyan jarabawoyin ke aunawa.

Yanzu maganar me ya sa na Turanci ke zuwa da lambobi na Sifaniyanci kuma da tana ƙoƙari. Akwai dokar ilimi ta tarayya da aka sa wa hannu a 2015, ana ce mata ESSA, ita ta wajabta wa kowace jiha ta gwada yara a karatu da lissafi duk shekara daga aji 3 zuwa aji 8 da kuma sau ɗaya a babbar sakandare, da wannan sakamakon ake auna makaranta, da shi ake kiran shugabar makaranta ofis a titsiye ta. Ba inda dokar tace sai an auna ƙwarewar yaro a Sifaniyanci. Kinga kuwa mutum bashin da ake binsa kullum a ƙofar gida shi yake fara biya, shi yasa in lokacin jarabawar jiha ya gabato wajen watan Afrilu a makarantu da yawa lokacin Sifaniyanci ake gutsira a ƙara wa bitar Turanci, ba tare da an sanar da kowa ba. Wannan shi ya fi damuna a duk lamarin, don an yi wa iyaye alkawarin harshe biyu, amma ɗaya kaɗai ake kawo musu lissafinsa. Ni a ganina ba ku yi rashin kunya ba da kuka tambaya, haƙƙinku ne.

Kuma kar wani yace miki ba a iya aunawa. Akwai jarabawar STAMP, tana da ta 'yan firamare, akwai AAPPL, duka a kwamfuta ake yinsu, yaro ya sa abin kunne ya saurara, ya yi magana a naɗa, ya karanta, ya rubuta, kowane ɓangare da makinsa daban, kuma masu duba magana da rubutun ba malaman makarantar ba ne. Ma'aunin da suke bi na ƙungiyar malaman harsuna ce ta Amurka, ACTFL. In kika ga an rubuta Novice toh ɗan koyo ne, kalmomi da 'yan jimlolin hadda. Intermediate shi ne wanda ya fara ƙirƙiro jimlarsa da kansa, yana tambaya yana amsawa a kan harkar yau da kullum. Advanced kuma zai ba ki labari mai tsawo na abin da ya wuce da wanda zai zo ba tare da ya ɓata ba, kuma kowanne cikin ukun nan an raba shi ƙasa, tsakiya da sama. Jihar Utah da ta kafa dokar shirinta na harshe biyu a 2008 ta yi shekaru tana amfani da AAPPL ga yaranta tun suna firamare, kenan abu ne da wasu ke yi tuntuni. Akwai kuma jarabawar DELE ta cibiyar Cervantes ta ƙasar Sifaniya, suna da reshe a nan New York, tana da ta 'yan makaranta daga shekara 11 zuwa 17, amma wannan da kuɗinki za ki biya kuma 'yarki ba ta kai ba tukunna, ki ajiye ta a ranki kawai.

Iyayen da ke cewa yara sun gaji su ma ban ga laifinsu ba, yaran nan na shan jarabawa kam. Amma ba sai kun rabu a kai ba, ba wanda yace duk zango za a yi. Ku nemi a yi a aji 3 da aji 5, sau ɗaya ɗaya, kuma a rubuta ƙarara cewa ba za a yi amfani da shi a hana yaro wucewa aji na gaba ba, makarantar ake son a gani ko tana cika alkawari. Ina ganin in aka faɗa musu haka da yawansu za su sauko. Abu ɗaya da zan ja hankalinku, a irin wannan aji sau da yawa kusan rabi yara ne da Sifaniyanci ne harshen gidansu, su bakinsu a buɗe yake, inda suke buƙatar a duba su shi ne rubutu da karatu mai zurfi, don haka ku roƙi a nuna sakamakon kashi biyu, kar a gwamutsa a fito da lamba ɗaya mai kyau wadda za ta ɓoye naki ta ɓoye nasu.

Dalilin da yasa nace kar ki cire ta kuwa, harshe yana cin lokaci. Masanin nan Jim Cummins na Jami'ar Toronto ya nuna cewa yaran baƙi masu koyon Turanci suna iya hirar filin wasa cikin kamar shekara 2, amma harshen karatu na littafi sai shekara 5 zuwa 7, toh balle 'yarki da take jin Sifaniyanci rabin yini kawai ta dawo gida Hausa, talabijin Turanci. Tana tsakiyar kogi ne yanzu. In tsoronki kar Turancinta ya samu naƙasu ne, an yi wani nazari a birnin Portland na jihar Oregon da aka wallafa a 2017, inda ake shiga irin waɗannan azuzuwa ta hanyar ƙuri'a, aka kwatanta waɗanda ƙuri'a ta faɗa musu da waɗanda ba ta faɗa musu ba, sai aka ga na aji mai harshe biyu sun wuce 'yan'uwansu a karatun Turanci da kusan wata bakwai a aji 5, wata tara a aji 8. Sannan yawancin makarantun nan in yaro ya wuce aji ɗaya ko biyu ba sa karɓarsa sai in yana jin harshen, kenan in kika fitar da ita komawa zai yi wuya. Ga kuma hatimin nan da ake manna wa takardar gama sakandare na wanda ya ƙware a harshe biyu, Kalifoniya ta fara shi da dokar 2011, New York ma tana bayarwa, kuma yawancin jihohi sai yaro ya kai tsakiya ko saman matakin Intermediate ake ba shi. Shekara huɗu biyar ɗin nan da ta yi jari ne babba.

Sai yadda za ku bi da shugabar. Ki fara da malamar ajin ke kaɗai, ki nemi ganinta, ki tambaye ta da me take auna karatunsu na Sifaniyanci, don sau da yawa malamai suna da gwajin da suke wa yaro ɗaya bayan ɗaya suna rubuta matakinsa a fayil, kawai dai ba a sa shi a katin da ke zuwa gida. Dokar FERPA ta 1974 ta ba ki damar ganin duk abin da ke cikin fayil ɗin 'yarki, in kika nema dole su nuna miki cikin kwana 45. Ki kuma tambaye ta tsarin da suke bi, rabi da rabi ne ko kuwa irin wanda ake farawa da kashi 90 Sifaniyanci kashi 10 Turanci ana ragewa a hankali, kuma a wannan satin da ya wuce awa nawa aka yi da Sifaniyanci a zahiri.

Daga nan ku bar maganar guruf, abin da aka faɗa a WhatsApp ko a tsaye a mitin iska ke kwashe shi. Kowace makarantar gwamnati a birnin New York tana da kwamitin jagoranci da ake kira SLT, mutum 10 zuwa 17, iyaye da ma'aikata adadinsu ɗaya, shugabar makaranta da shugabar ƙungiyar iyaye dole suna ciki, duk wata suke zama, kuma su ke tsara kundin manufofin makaranta na shekara. In kuka samu aka rubuta auna Sifaniyanci a cikin wannan kundin toh ya zama abin da za a tambaye ta a kai, ya wuce zan duba. Ku rubuta takarda gajera, tambaya uku ta isa, wane mataki ake sa ran yaro ya kai in ya gama aji biyar, da me za a auna, yaushe iyaye za su gani. Ku sa hannu da yawa, kuma dan Allah sunayen iyaye masu jin Sifaniyanci su kasance a ciki sosai, maƙwabciyarki ma in tana da ɗa a can ki ja ta. In Turanci na ba ki wahala a irin wannan zama ki nemi tafinta tun kafin ranar, kyauta ne, Faransanci ma yana cikin harsunan da hukumar ilimin birnin ke fassara takardunta da su.

Ita kuma shugabar ki yi mata uzuri na ɗan lokaci, shekara ɗaya ba ta isa a yanke wa mutum hukunci ba, wataƙila ta tarar da abubuwa a cakuɗe ne. Amma uzuri ba ya hana a sa mata rana. Ku ce mata a zaman wata mai zuwa kuna son amsa a rubuce.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan Jos ne ina tuƙin haya a Chicago. Ɗana yana aji biyu a makaranta mai harshe biyu, an kawo mana sabon firinsifal wanda ba ya jin Sifaniyanci ko kaɗan, malamai biyu masu koyar da Sifaniyanci sun ajiye aiki a shekara ɗaya. Yanzu wasu iyaye suna yawo da takarda wai a sa hannu a cire shi, sun tare ni a bakin get da safe ina sauri zan fita aiki nace su bari in yi shawara. Ni mutumin yana gaishe ni da fara'a kuma ya san sunan ɗana, bana son in zalunce shi, kuma bana son karatun yaro ya lalace. Meye shawararki?

Baban Abba, Chicago

AMSA

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya tsare hanya ya ba da sa'a. Ka kyauta da ba ka sa hannu a tsaye a bakin get ba, takardar da za ta taɓa abincin mutum ba a sa mata hannu da gaggawa.

Ba zan ɓoye maka ba, shugaban makaranta mai harshe biyu da ba ya jin ɗaya daga cikin harsunan yana da giɓi babba. Zai shiga aji ya zauna ya kalli malama tana koyar da lissafi da Sifaniyanci, ya ga yara sun yi shiru ya ɗauka karatu na tafiya, ba zai gane ko bayanin ya fita ba, ba zai gane ko malamar tana yawan zamewa zuwa Turanci don sauƙi ba sai in ta yi a gabansa. In zai ɗauki sabon malami ba zai iya tantance Sifaniyancinsa da kansa ba. Uwa 'yar Meziko ta zo da kuka sai an nemo wanda zai tsaya a tsakani. Yara kuma suna lura, in sanarwar safe kullum da Turanci ce, taron ba da kyauta da Turanci, wanda ya fi kowa girma a ginin ba ya ko gwada gaisuwa da ɗayan harshen, su da kansu za su gane wanne ne harshen manya. Iyayen da ke ƙorafi suna da hujja.

Amma wannan kaɗai bai isa a ce a kore shi ba. Akwai wanda ba ya jin harshen amma ya san giɓinsa, ya ɗauko mataimaki ƙwararre ya ba shi wuƙa da nama a ɓangaren, ya tsare lokacin Sifaniyanci ko jarabawar jiha ta zo, ya sayo littattafan da asali da Sifaniyanci aka rubuta su ya cika laburare. Akwai kuma wanda Sifaniyanci a nono ya sha shi amma shi zai fara yanka shirin don lambobin Turanci su hau. Toh ka bincika wanne ne naku. Malaman nan biyu da suka tafi su ne bakin zaren, me ya kore su, kuma wa aka sa a gurbinsu, malami mai takardar koyarwa da harshe biyu ne ko ɗan riƙon ƙwarya ne mai Turanci kaɗai? Ka sani dai irin waɗannan malamai ƙarancinsu ake yi a duk faɗin Amurka, har daga Sifaniya ake ɗauko wasu su yi shekara uku zuwa biyar su koma, don haka tafiyar malami ba lallai laifin firinsifal ba ce, amma barin ajin ɗanka wata da watanni ba mai jin harshen wannan a wuyansa yake. Ka tambayi Abba ma, jiya da wane harshe aka yi muku lissafi, yaro ɗan aji biyu ba ya ɓoye irin wannan.

Kai kuma ka yi sa'ar gari. Tun gyaran dokar 1988 yawancin makarantun gwamnati na Chicago suna da majalisarsu da ake kira LSC, iyaye shida, mutanen unguwa biyu, malamai biyu, ma'aikaci ɗaya da ba malami ba, da shi firinsifal ɗin, kuma wannan majalisa ita ke zaɓen firinsifal, ita ke duba aikinsa duk shekara, ita ke cewa a sabunta kwantiraginsa na shekara huɗu ko kar a sabunta, ita ke amincewa da kasafin kuɗin makaranta. Kenan iyaye su suka fi yawa a teburin da ake yanke maganar. Zaɓenta duk shekara biyu ake yi, kuma ba sai kana da takardar zama ɗan ƙasa ba kafin ka jefa ƙuri'a. Zamansu a buɗe yake, ka ɗauki yamma ɗaya ka ajiye mota ka je ka ji da kunnenka, in da hali ka miƙe ka tambayi mutumin a gaban kowa meye shirinsa a kan gurbin malaman nan da kuma yadda zai riƙa sanin ko yara na ci gaba a Sifaniyanci tunda shi ba ya ji. Amsar da zai bayar za ta fi fara'ar bakin get gaya maka ko shi wane ne.

Wani abu kuma, ka duba su waye ke riƙe da takardar. Irin waɗannan makarantu asalinsu don 'ya'yan masu jin Sifaniyanci aka yi su, ta Coral Way a Miami da ta fara a 1963 'ya'yan 'yan gudun hijirar Kuba ne sila, a nan garinku ma makarantar Inter-American iyaye mata biyu ne suka tsaya aka kafa ta a 1975. Kuma an sha wuya a kansu, a Kalifoniya ƙuri'ar 1998 ta kusa kashe koyarwa da harshe biyu, sai a 2016 aka warware ta. Yanzu da abin ya zama na yayi masu hali suna rububinsa, sau da yawa muryarsu ce ke cika mitin, iyayen da harshen nasu ne kuma suna wajen aiki ko suna zaune a baya ba su ce komai ba. Ka nemi biyu uku daga cikinsu ka ji ta bakinsu, in su ma sun ce mutumin ba ya sauraronsu toh maganar ta yi nauyi, in kuma suka ce yana ƙoƙari sai ka san takardar ta wasu ce. Ni dai da ni ce ba zan sa hannu ba sai na halarci zama ɗaya na ji amsarsa.

TAMBAYA

Anti barka da aiki. Muna Houston, ɗana yana aji uku a ajin harshe biyu. An ce min jarabawar jiha ta STAAR akwai ta Sifaniyanci, in nemi a yi masa ita don in san ko ya iya? Sannan wata ƙawata tace mu daina masa Hausa a gida wai harsuna sun masa yawa, ga Turanci ga Sifaniyanci ga Larabcin Islamiyya ranar Asabar da Lahadi.

Wata uwa, Houston

AMSA

Barka kadai 'yar'uwa. Gaskiya ne akwai STAAR ta Sifaniyanci daga aji 3 zuwa 5, amma an yi ta ne don yaron da zai fi iya nuna abin da ya sani na karatu da lissafi da Sifaniyanci, kuma kwamitin harshe na makaranta ke yanke wa za a yi wa. Ba ta auna magana, ba ta auna sauraro. In aka ba ɗanki ita alhali Turanci ya fi ƙarfi a bakinsa zai iya faɗuwa lissafin da ya iya sarai saboda bai gane tambayar ba, ke kuma ki tashi ba ki san komai ba sai ɓacin rai. Abin da kike nema irin su STAMP da AAPPL ne da na yi bayani a sama, ki tambayi makarantar ko gundumarku na yi.

Maganar ƙawarki kuma dan Allah kar ki ɗauka. Mu da muka taso yaro na Hausa a gida, Fulatanci ko Kanuri wajen kaka, Turanci ko Faransanci a boko, Larabci a allo, yaushe harshe ya taɓa yi wa yaro yawa. Turanci ba ya buƙatar taimakonki, yana ko'ina a Houston, Sifaniyanci yana da malamai da littattafai da maƙwabta, Hausa ce ba ta da kowa a garin nan sai ke da babansa. In ya amsa miki da Turanci ki ci gaba da yi masa Hausa kar ki biye masa, ki riƙa aikensa da ita, ki yi masa tatsuniya, ranar Lahadi in an dawo daga Islamiyya ki kira kakarsa a waya ki miƙa masa ki bar ɗakin, su ƙarata su biyu.